Harshen gwara da tururibi: 'yar ciyawar da aka turo min hotonta daga Hangari

Wajen ƙarshen watan Agusta ne, ina zaune ƙofar gida a nan Kawo bayan la'asar, ruwa ya ɗauke kenan gari ya yi sanyi, sai ga saƙo ta WhatsApp daga ɗan yayata da ke karatun aikin gona a ƙasar Hangari. Hotuna uku ya turo. Na buɗe na farko ban ga komai ba sai tushiyar alkama da busasshiyar ƙasa fari-fari, na biyu ma haka, sai a na ukun na ga yatsarsa tana nuna wata 'yar siririyar ciyawa kamar tsinken tsintsiya da aka soke a ƙasa. A ƙasan hoton ya rubuta, "Kawu ka ga abun da malaminmu ya durƙusa a gabansa yau kusan minti ashirin, yana ta ɗaukar hoto har da kiran wani abokinsa a waya, wai ya jima bai gan ta a yankin nan ba. Ni dai ciyawa kawai na gani."

Ya san wanda ya turo wa. Na shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da bayoloji a sakandare kafin na koma noma a 'yar gonata da ke wajen Birnin Yero, kuma duk danginmu sun san in dai maganar tsiro ce toh an taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Na ce masa maza ka tambayo min sunanta na kimiyya, kuma gobe in kun koma ka ɗauko min hoton kusa-kusa, ka sa biro ko kwabo a gefenta don in gane girmanta. Sunan da ya turo shi ne Thymelaea passerina. Tun daga ranar kusan wata biyu kenan nake bibiyar labarin ciyawar nan, kuma abun da ya sa na ga ya kamata in rubuta shi ne labarin nata ya zagayo ya same ni har cikin gonata, ta hanyar da ban taɓa zato ba.

Bari in fara da siffarta tunda yawancinmu ba za mu taɓa ganinta ido da ido ba. Tsiro ne na shekara guda, wato kamar gero ko tafasa, ya fito daga iri, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu, duk a kaka ɗaya. Tsawonta daga rabin taƙi zuwa kamu guda ne, a ce santimita 10 zuwa 50, wani lokaci ta ɗan fi haka in ta samu wuri. Karan siriri ne ƙwarai kamar waya, a miƙe tsaye, yakan yi 'yan rassa daga sama su ma duk su miƙe sama ba sa bajewa. Ganyen ƙanana ne masu tsini, tsawon kowanne bai fi santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, faɗinsa kuwa milimita ɗaya ko biyu, suna jere ɗaya nan ɗaya can a jikin kara, sun kwanta a jikinsa. Launin kore ne mai ɗan ratsin ɗorawa, in kaka ta yi nisa sai ya juya ya yi ja-ja. Saiwarta guda ce siririya da ta nutsa ƙasa.

Furen shi ne abun kallo, in har idonka zai iya ganinsa. Milimita biyu zuwa uku ne fa, ƙwayar gero ta kusa kai shi. Yana fitowa ne a hammatar ganye, inda ganye ya haɗu da kara, wani wuri guda ɗaya wani wuri biyu ko uku a cure, da ɗan tattaren farin gashi a gindinsu. Ba shi da waɗannan fallayen masu launi da muka saba gani a furen kuɓewa ko na rama, abun da ke akwai wani ɗan bututu ne kamar ƙaramin tulu, kore mai ɗorawa-ɗorawa, bakinsa ya rabu gida huɗu, a cikinsa kuma akwai 'yan sanduna takwas masu ɗauke da garin fure, huɗu a sama huɗu a ƙasa. In fure ya gama aikinsa bututun nan ba ya faɗuwa, sai ya zauna ya lulluɓe ɗan da ya ƙulla, kuma kowane ɗa ƙwayar iri ɗaya tak ce a cikinsa, baƙa, mai ɗan tsinin baki. Daga watan Yuli zuwa Satumba take fure. Da yaron ya turo hoton kusa-kusa na yi ta faɗaɗa shi a waya ina ƙirga bakin bututun, huɗu cif, wallahi na ji daɗi kamar ina cikin aji da ɗalibai.

Toh wannan tsinin bakin na irin shi ya jawo mata suna. Kalmar passerina daga Latin take, daga sunan tsuntsun nan gwara, saboda ɗan nata ya yi kama da kan gwara da bakinsa. Jamusawa ma ta nan suka bi, sunan da suke kiranta da shi ma'anarsa harshen gwara, kuma ni a rubutun nan da shi zan riƙa kiranta don ya fi min daɗin faɗa. Shi Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin da ya tsara yanda ake ba tsirrai suna biyu-biyu, a 1753 ya sa mata Stellera passerina, daga baya a ƙarni na 19 wasu Faransawa biyu, Cosson da Germain, suka mayar da ita cikin jinsin Thymelaea inda take har yau. Da Turanci kuwa spurge flax suke ce mata, kuma sunan nan yana ɓatar da mutum, don an haɗa sunayen tsirrai biyu ne da ba ta da dangantaka ta kusa da ko ɗayansu. Na farkon sunan dangin su tinya da ƙerana da aguwa da nonon kurciya ne, masu farin ruwa kamar madara in ka karya su, ita kuwa ba ta da wannan farin ruwan sam. Na biyun kuma sunan tsiron da ake zaren lilin da shi ne, kamannin ganye da siririn kara kawai ya haɗa su. Mu ma muna da irin wannan a Hausa ai, sai ka ji an ce wannan tsiro namijin wancan ne, alhali kama ce kawai ta haɗa su aka ba su suna ɗaya.

Ƙasashen da take na asali suna da faɗi sosai. Ka ɗauko daga Sifaniya da Faransa da Italiya, ka haura kudancin Jamus da Ostiriya da Hangari, ka gangara ƙasashen Balkan, ka bi Yukren da kudancin Rasha da Turkiyya da yankin Kokeshiya, ka shiga Iraƙi da Iran da Afganistan da Pakistan da Kashmir, har tsakiyar Asiya da yammacin ƙasar Sin, yankin Shinjiyan. A Afirka kuma tana arewa can gaɓar Bahar Rum, su Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Sahara ce iyakarta, ba ta ƙetaro wajenmu ba. Jinsin nata gaba ɗaya kusan iri 30 ne kuma yawancinsu a kewayen Bahar Rum suke, musamman Sifaniya da Maroko, akasarinsu ƙananan itatuwa ne masu daɗewa, ita ce cikin 'yan kaɗan da suka zaɓi rayuwar shekara guda, kuma ita ta fi duk sauran yin nisa a duniya. Ni a ganina ba abun mamaki ba ne, tsiron da ya iya zama cikin gonar alkama da sha'ir duk inda manomi ya je da irinsa zai bi shi, a buhu, a ƙafar dabba, a cikin harawa.

Yaron ya tambaye ni ko in ya kawo irinta za ta yi a Kaduna. Na ce masa da farko dai kar ka kuskura, ba a ɗauko irin ciyawa daga wata ƙasa a shigo da shi haka kawai, za ka ji dalili a ƙasa. Na biyu kuma wurin da take so daban yake da namu. Tana son busasshiyar ƙasa mai ɗumi, mai farin dutse irin wanda ake siminti da shi a Kalambaina ko Ashaka, wuri buɗaɗɗe da rana ke duka babu wata doguwar ciyawa da za ta rufe ta. Mu kuwa a nan jar ƙasa gare mu da marmara, ruwa ya sauko daga Afrilu ko Mayu har Oktoba, a watan Agustan da ita take fure a fili fetal mu gamba da ƙyasuwa sun fi mutum tsawo. Ina za ta ga rana?

Yanzu ga dalilin da ya sa malamin nasu ya durƙusa. Harshen gwara ta saba da wani irin noma ne na da. Takan tsiro a makare cikin alkama, ta zauna a ƙasa-ƙasa ba ta da wani ƙarfi, sai an girbe alkama a tsakiyar rani nasu rana ta samu shiga, sannan ta miƙe ta yi fure ta zubar da iri a cikin tushiya. Manoman da kuwa sukan bar gona haka nan da tushiyarta wata biyu ko uku, tumaki su yi kiwo, sai can kaka a yi huɗa. Wannan 'yan watannin su ne rayuwarta gaba ɗaya. Da noman zamani ya zo sai komai ya sauya, ana gama girbi da kwana kaɗan tarakta ta shiga ta kife tushiyar, ita kuwa ko fure ba ta gama ba balle iri. Ga maganin feshi, ga takin zamani da ke sa alkama ta yi duhu ta hana na ƙasa haske, ga injinan tace iri da ba sa barin ƙwayar ciyawa ko ɗaya ta bi. Babu wanda ya tashi da niyyar kashe ta fa, yawancin manoman ma ba su san tana nan ba, kawai lokacin da take buƙata aka ɗauke mata. A haka ta yi ta raguwa a tsakiyar Turai har ta kai a Jamus tana cikin jerin tsirran da ke fuskantar babbar barazanar ɓacewa, kuma a can har akwai tsare-tsaren da ake biyan manomi kuɗi don ya bar gefen gonarsa babu feshi, ko ya jinkirta kife tushiya, saboda irin waɗannan ƙananan ciyayin gona su samu su zubar da iri.

Sai kuma ka juya Amurka ka ji wani labari daban. Can ba ƙasarta ba ce, an fara lura da ita ne wajen tsakiyar ƙarni na 20 a jihohin tsakiya irin su Nebraska da Ayowa, ta ɓulla a wasu jihohin, ta shiga Ontariyo ta Kanada, Ostireliya ma ta isa. A jihar Washinton, can arewa maso yamma, ta samu makiyaya busassu a gundumar Okanogan ta baje, har a wani lokaci hukuma ta saka ta a rukunin farko na miyagun ciyayi, rukunin da doka ta wajabta wa mai fili ya kawar da su gaba ɗaya, kafin daga baya a mayar da ita rukuni na biyu. Abun da ya sa suke tsoronta, dabbobi ba sa cinta, toh duk inda ta cika ciyawar kiwo ta ragu kenan, ga ta siririya ba a hango ta sai ta riga ta yi yawa, ganyen kuma ƙanana ne masu tauri maganin feshi ba ya zama a jikinsu sosai. Ciyawa ɗaya, a nan ana biyan kuɗi don ta rayu, a can ana kashe kuɗi don ta mutu, kuma in ka duba da kyau duka ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu. Mu ma ai mun san zafin baƙuwar ciyawa, kashin yawo da ke soke mana ƙafa yana maƙale wa tumaki a jiki asalinsa daga nahiyar Amurka ya zo. Su ma kuma sun ɗanɗana daga ɓangarenmu, wani nau'in wuta-wuta ya ɓulla a gonakin masara na jihohin Karolina a shekarun 1950, suka shafe shekaru da dama suna yaƙi da shi. Shi ya sa na ce wa yaron ko ƙwaya ɗaya kar ya sako a aljihu.

Inda labarin ya juyo gida shi ne da na duba danginta. Sunan dangin Thymelaeaceae, kuma alamarsu da ba ta ɓuya ita ce ɓawo mai zare mai tauri, in ka kama reshe za ka karya sai ya ƙi, sai dai ɓawon ya saluɓe ya biyo hannunka tun daga sama har ƙasa, sannan furensu bututu ne, sannan da yawansu akwai guba. Ina karanta wannan sai gabana ya faɗi, na ce ai na san wannan a dajinmu. Tururibi!

Wanda ya tashi a ƙauye ko ya yi kiwo zai san shi, wasu na cewa tururubi. A littattafan kimiyya za ka gan shi da suna Lasiosiphon kraussianus ko Gnidia kraussiana, an sa masa sunan wani Bajamushe ne mai suna Krauss da ya tattara tsirrai a Afirka ta Kudu, don tsiron yana nan tun daga yammacin Afirka har can kudu. Shi ba na shekara guda ba ne, yana da ƙaton gindi mai itace a ɓoye cikin ƙasa, in rani ya yi aka ƙone daji ƙasa ta yi baƙi ƙirin, bayan 'yan makonni sai ka ga ya tofo shar, kansa ɗauke da curin furanni ruwan ɗorawa, gwanin kyau a tsakiyar toka. In ka tsinko fure ɗaya daga curin ka duba za ka ga bututun nan, sai dai nasa ya fi tsawo kuma bakinsa gida biyar ne ba huɗu ba. Wato 'yar ciyawar nan ta cikin tushiyar alkamar Hangari da tururibin bayan gonata 'yan gida ɗaya ne.

Na tafi da maganar wajen wani dattijon Bafulatani da rugarsu ke kusa da gonata, mun fi shekara goma muna tare, shanunsa ke cin karan masarata bayan girbi su bar min taki. Na same shi ƙarƙashin ɗorawa, bayan mun gaisa na ce Baffa, tururibi fa, har yanzu akwai shi a nan? Sai ya gyara zama ya ce, "Malam me ya haɗa ka da wannan mugun? Akwai shi mana, can gefen tudun nan in an sa wuta." Ya ce saniyar da ta girma a wurin ta san shi ba ta taɓa shi, matsalar baƙin shanu ce da 'yan maruƙa, da kuma lokacin da yunwa ta yi yawa, daji duk ya ƙone babu wani kore sai shi, toh dabba ta gan shi ɗanye shar sai ta kai baki. Ya ce zawo ne mai tsanani, wani lokaci har da jini, kuma kafin ka yi wani abu ta kwanta. Ya ce shi da idonsa yana saurayi ya ga an yi asarar shanu a haka. Abun da ya faɗa ya yi daidai da abun da likitocin dabbobi suka rubuta, gubar da ke cikinsa tana ƙone hanji ne, kuma irin wannan sinadarin ne ke cikin da yawa daga 'yan dangin. A da masunta kan daka shi su zuba a ruwa don kifi ya taso, maharba na haɗa shi cikin dafin kibiya, masu maganin gargajiya kuma suna amfani da shi a kan wasu cututtukan fata. A nan zan roƙi masu karatu don Allah, kar wani ya ji an ce magani ne ya je ya jiƙa ya sha, abun nan yana kisa, ba wasa a ciki.

Abun da ya tsaya min a rai daga hirar shi ne da ya nuna jikokinsa biyu da ke bin shanu ya ce, "Waɗannan da ka gani in ka ce musu tururibi sai su tsaya kallonka." Ni ma na tuna shekarun da na yi ina koyarwa, ina zana furen da ke cikin littafi a allo, ban taɓa kwasar yara na kai su bayan makaranta na ce ga wannan ga sunansa da Hausa ba, kuma hakan yana damuna har yanzu. Wani likita ɗan Sikotlan mai suna Dalziel da ya yi aiki a Arewa ya zauna da mutanenmu ya tattara sunayen tsirrai na Hausa aka buga a 1916, fiye da shekara ɗari kenan, mu masu harshen kuma muna barin sunayen suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ga matsalar tsaro ta zo ta ƙara, dazuzzukan da a da ɗalibai da malamai ke shiga neman samfur, irin na Kamuku ta wajen Birnin Gwari, an yi shekaru ba mai iya shiga hankali kwance.

Dangin nan fa ba guba kaɗai gare su ba. Turaren Ud da alhazai ke tsarabarsa daga Makka, mai tsadar nan, daga itacen Aquilaria ake samunsa a dazuzzukan Asam ta Indiya da Kambodiya da Biyetnam da Malesiya da Indunusiya, kuma ɗan wannan dangin ne, itacen sai ya ji rauni wani naman gwari ya shige shi sannan yake tara baƙin ƙaro mai ƙamshin, an sare shi a daji har sai da aka sa wa cinikinsa takunkumi tsakanin ƙasashe. Da na gaya wa uwargida cewa Ud ɗin da take ɓoyo sai ranar Juma'a ɗan'uwan tururibi ne cewa ta yi in bar wannan magana. Takardar kuɗin Japan akwai zaren ɓawon wani ɗan dangin a cikinta, a Nepal ma da ɓawon wani suke takardar hannu, Larabawan ƙauye na Masar da Libiya da Sina'i kuma suna tufka igiya da wata yayar harshen gwara ta jini da suke kira mitnan. Duk zaren ɓawon nan ne dai da na faɗa.

Amma ni abun da ya hana ni barci ba Ud ba ne, labarin tushiyar nan ne. Don ina karanta yanda harshen gwara ta ɓace daga gonakin Turai sai na ga gonata. Shekara goma sha biyar da suka wuce noma muke da fartanya, noman fari da maimai, kuma duk mai noma ya san akwai abun da ba a sarewa. In ka ci karo da gasaya ka kauce mata, karkashi ka bar shi ya yaɗu a kunya, lalo da zaƙi-banza haka, tafasa tana bakin gona, yaɗiya ta hau shinge. Ba wanda ya shuka su, Allah ne ya fito da su, mata da yara su bi su tsinko, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a yi miyar yauƙi, a shanya wani a ajiye don rani. A watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, wannan ganyen shi ke riƙe gidaje da yawa. Mahaifiyata Allah ya ji ƙanta ba ta taɓa sayen karkashi a kasuwa ba.

Yanzu kuwa kowa da jarkar feshinsa a baya, ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba. Kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, lita ɗaya ta magani ta yi maka aikin mutum biyar, wa zai ga laifin wanda ya yi feshi? A fesa kafin shuka, a fesa bayan shuka, wasu har bakin hanya da gefen rafi suke bi. Gona ta yi fes gwanin sha'awa, amma maganin bai san gasaya ba bai san ƙyasuwa ba, duk ɗaya ne a wurinsa. Kuma waɗannan ganyayen yawancinsu 'yan shekara guda ne kamar harshen gwara, rayuwarsu a kan irin da suka zubar bara take, in aka hana su zubar da iri shekara biyar, shekara goma a jere, wanda ke ajiye cikin ƙasa zai ƙare. Bana na zagaya gonata kaf ina nema da gangan, gasaya tushe uku na gani, uku, a gonar da a da ake cika kwando. Matan da ke kawo ganye Kasuwar Kawo ma in ka tambaye su za su ce maka sai sun yi nisa suke samu, ga kuma tsoron tsinko wanda aka riga aka fesa wa magani a kai wa yara su ci. Ba na cewa sun ƙare a ƙasar Hausa, tafasa kam har gobe tana nan a kangaye da bakin titi. Amma su ma Jamusawan ai akwai lokacin da za su rantse harshen gwara ba za ta taɓa ƙaranci ba, kuma tasu ko ci ba a yi, tamu kuwa abinci ce.

Na kira ɗan yayar tawa na ce ka koma wajen malamin nan ka gaishe shi, ka tambaye shi faɗin gefen gonar da suke bari babu feshi da yanda suke shawo kan manomi ya yarda, ka rubuto min komai. Ya ce, "Toh Kawu, amma ka san zai riƙe ni awa guda." Na ce ko awa uku ne ka zauna.

Ni kuma ga abun da na riga na yi. Ta gabashin gonar, daga gindin ɗorawa zuwa bakin kwari, na auna taku huɗu a faɗi na kafa turaku na ɗaura tsumma ja, na gaya wa yaran da ke min aiki cewa baɗi in Allah ya kai mu jarkar feshi ba za ta ƙetare turakun nan ba, da fartanya za a nome wurin kuma ni zan biya. Tushen gasaya ukun nan na bar su sun bushe a tsaye, na karkaɗe irin a cikin takarda, wata tsohuwa a ƙauyen kuma ta ba ni na karkashi cikin ƙullin leda, suna nan a kwalba a saman durowa. Baffa ya yi min alkawari in an sa wa tudun nan wuta, wajen watan Janairu, zai aiko a kira ni ranar da tururibi ya buɗe. Na ce masa ya taho da jikokin nan biyu, ni ma zan zo da nawa yaran da gilashin ƙara girman abu da na ajiye tun ina koyarwa, kowa ya ƙirga bakin bututun da kansa, sannan a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.